Maida: farar fulawar Indiya, daga kaskon samosa zuwa kasuwar 'yan sari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar samosa da sauran kayan fulawa a gida, a Kano. A bidiyon girkin Indiya da Pakistan kullum sai in ji ana cewa maida, wani lokaci kuma atta. Shin wata fulawa ce ta daban da wadda muke saye a nan? Ita ce ke sa samosarsu take yin ƙarau-ƙarau? Ƙanena yana zuwa Indiya sayo kaya, yana kuma tunanin ya fara shigo da ita buhu-buhu. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya yi wa sana'a albarka.

Maida ba wani irin alkama ba ne na daban, ba kuma haɗin sirri ba ne. Farar fulawa ce da aka fitar daga tsakiyar ƙwayar alkama, aka raba ta da dusa, aka tankaɗe har ta yi laushi liƙis. Dangin wadda kike saye ce, da ɗan bambancin da zan zo kansa. Atta kuwa garin alkama ne da aka niƙe ɗungurungum, da dusa da komai, irin wanda kike samu in kin kai alkama inji za ki yi funkaso ko alkubus. Akwai na uku da za ki riƙa ji, suji, wato tsakin alkama irin na semo. Duk ukun daga ƙwaya ɗaya suke fitowa. Yadda ake raba su shi ne tushen girkin, shi ne kuma tushen kasuwar, don haka daga nan zan fara.

In aka kasa ƙwayar alkama kashi 100, kusan 83 farar tsoka ce ta tsakiya, sitaci da furotin. Kusan 14 ɓawo ne, shi ke zama dusa. Ragowar 2 zuwa 3 ɗan idon nan ne da ke tsirowa in an shuka, kuma shi ke ɗauke da mai. Injin gargajiya na waɗannan ƙasashe, wanda suke kira cakki, dutse ne a kan dutse. Yana murƙushe ƙwayar baki ɗaya, garin ya fito da ɗumi, launin ƙasa-ƙasa, da ƙamshi. Wannan murƙushewa tana farfasa sitacin sosai, shi ya sa atta ke shan ruwa da yawa, capati, wato siririyar gurasar kasko, da aka yi da ita ya yi taushi ya kumbura a kan wuta. Amma man nan na idon ƙwaya ya riga ya gauraye da garin, kuma mai ba ya jiran kowa. Cikin 'yan makonni a lokacin zafi garin zai fara warin tsufa, ya soma ɗaci. Shi ya sa har yau gidaje da yawa a Punjab da Uttar Pradesh alkama suke ajiyewa, su riƙa kai wa mai cakki kaɗan-kaɗan.

Babban injin zamani, wanda aka ƙware da shi a ƙasar Hungary cikin shekarun 1870 kafin ya bazu a duniya, ba murƙushewa yake yi ba. Da farko a tsabtace alkamar, a yayyafa mata ruwa, a bar ta ta huta na sa'o'i da yawa har ɓawon ya yi laushi ya daina karyewa. Sai ta bi ta tsakanin gangunan ƙarfe biyu-biyu masu tsaga-tsaga a jiki, ɗaya ya fi ɗaya gudu. Su ba niƙa suke ba tukuna, buɗe ƙwayar suke yi su kankare farin daga jikin ɓawon. Abin da ya fito ya wuce cikin jerin rariya da ke girgiza, iska ta kwashe dusa, farin tsakin ya koma wasu gangunan masu santsi da za su mayar da shi gari. Haka zai yi ta zagayawa, niƙa da tankaɗe, niƙa da tankaɗe. A ƙarshe injin ba gari ɗaya yake fitarwa ba, garuruwa ne iri-iri ke zubowa ta bututu daban-daban, na farko fari tas, na baya-baya suna ƙara duhu. Mai injin shi ke zaɓar waɗanda zai haɗa ya kira maida.

To abu biyu aka cire, kuma kowanne da abin da cirewarsa ta jawo. Da aka cire idon, gari ya iya zama ya iya tafiya. Da aka cire dusa, kwaɓi ya iya miƙewa. Furotin ɗin alkama in ya ji ruwa aka murza shi yakan saƙa wani danƙo, wanda masana ke kira gulutin. Gutsattsarin dusa masu kaifi ne, suna yayyanka wannan saƙa. Shi ya sa in kika ja kwaɓin atta zai tsinke nan da nan, na maida kuwa za ki ja shi har ki hango hannunki ta ciki.

Duk abincin da Indiyawa ke yi da maida, in kin lura, wannan miƙewar ake nema ko kuma akasinta da gangan. Naan, wanda ake manna wa bangon tanderu mai zafin gaske kamar yadda ake wa gurasa, yana buƙatar kwaɓi mai laushi da kindirmo da yis, wanda zai riƙe iska ya kuma liƙe ba tare da ya yage ya faɗa wuta ba. Bhatura na Punjab, da ake ci da miyar wake, kumburarsa a cikin mai daga danƙon take. Luci na mutanen Bengal ana soya shi ne ya fito fari fat, in ya yi ja an ɓata shi. Rumali roti ana wurga shi sama ana juyawa har ya yi shara-shara, sannan a shimfiɗa shi a bayan kasko da aka kife. Parota ta Kerala da Tamil Nadu ita ce ta fi kowanne wahala: a murza kwaɓin da ƙarfi, a shafe shi da mai a bar shi ya huta na sa'o'i, a riƙa buga shi a kan tebur yana faɗi har ya zama siriri, a naɗe shi gammo, a danne a gasa, sannan mai yi ya tafa shi tsakanin hannuwansa da zafinsa don fallayen su rabu. Da atta zalla da wuya ki sami fallaye irin waɗannan. Sai jalebi, wani soyayyen kayan zaƙi, inda ake dama ta ruwa-ruwa a bar ta ta kwana ta yi tsami, da momo na Nepal, ƙullin kwaɓi mai nama ko ganye a ciki da ake turarawa, da burodin paw na titunan Mumbai, da bakarkhani, gurasa mai fallaye ta tsohon birnin Dhaka, da siririyar taliyar da ake dafawa da madara ranar Sallah daga Lahore har Chattogram.

Samosa kuwa ita ce akasin. A nan danƙon ake yaƙa. Kuma nan amsar tambayarki take, domin ƙarau-ƙarau ɗin ba daga buhu yake zuwa ba, daga hannu ne. Kafin ruwa ya taɓa garin, suna zuba mai ko man shanu, kusan kashi ɗaya na mai ga kashi huɗu ko biyar na fulawa a ma'auni, su yi ta murzawa da tafin hannu har kowane ɓurɓushi ya sha. Gwajinsu shi ne a damƙi garin: in ya dunƙule ya tsaya bai wargaje ba, mai ya isa. Man ya rufe furotin ɗin ke nan, ruwa ba zai kai gare shi sosai ba. Sai a sa ruwa kaɗan-kaɗan, a yi kwaɓi mai tauri, kada a murza fiye da abin da zai haɗe shi, a rufe ya huta kamar rabin awa. Sannan suya, wadda ita ce inda akasarin mutane ke faɗuwa. Ana saka samosar ne a mai mai matsakaicin zafi, wanda da ƙyar yake ƙananan kumfa, a bar ta minti goma sha biyu zuwa sha biyar, sai can ƙarshe a ƙara wuta ta yi launi. In kin ga ƙuraje sun fito a bayanta, ko dai mai ya yi zafi da yawa ko kwaɓin ya yi ruwa. In ta yi taushi bayan ta huce, sauri aka yi mata.

Wannan ita ce samosar Punjab mai kaurin ɓawo da dankali a ciki. Wadda muka fi yi a nan, mai siririn falle da naman da aka niƙa, ta fi kusa da ta Musulmin Mumbai da Haidarabad, inda ake jera fallaye da mai a tsakani, a ɗan nuna musu kasko, a ɓare su ɗaya-ɗaya. Ita kam danƙo taimakonta yake yi. Ita ce ma ta fi kama da ta asali, domin Ibn Battuta, da ya zauna a fadar Sarki Muhammad bin Tughluq a Delhi cikin shekarun 1330, ya ba da labarin samosar da ake kawowa da niƙaƙƙen nama da albasa da almon da kayan ƙamshi. Dankali daga baya ya shigo ta hannun Turawa.

Bambancin maida da fulawarki a yawan furotin yake. Alkamar Indiya galibi matsakaiciya ce, maida ta kasuwa takan tsaya tsakanin kashi 9 zuwa 11 cikin 100. Fulawar da ke cikin manyan buhunanmu, mafi yawanta domin gidajen burodi aka niƙa ta, daga alkama mai ƙarfi da ake shigowa da ita, don haka danƙonta ya ɗan ɗara. Alamar ita ce kina murzawa yana janyewa yana dawowa. Ga naan da parota da fallen samosa, wannan alheri ne, sai dai ki ƙara masa lokacin hutu. Ga samosa mai kauri da 'yar'uwarta mai zagaye, kacori, ki ɗan ƙara mai, ko ki cire cokali ɗaya ko biyu daga kowane kofin fulawa ki cike gurbin da sitacin masara. Shi ke nan. Ni a ganina babu wani abincin Indiya da zai gagare ki don rashin buhun da aka rubuta wa maida.

Akwai wani abu da baƙo ba ya lura da shi da wuri. A inda ake noman alkama, wato Punjab da Haryana da Uttar Pradesh da Madhya Pradesh da Rajasthan, abincin gida na kullum capatin atta ne. Maida ta titi ce, ta biki, ta gidan abinci. Kafin injin ƙarfe ya zo ma, sai an niƙa an tace da ƙyalle ake samunta, aikin da sai gidan sarauta da attajirai. Amma a inda alkama ba ta yi, kamar Kerala da Tamil Nadu da Siri Lanka, maida ce siffar da alkama ta fi shiga bakin talaka da ita. Mutanen shinkafa ne, ba su gaji cakki a unguwa ba. Da Japan ta kama Burma a 1942 shinkafar da ake kawowa daga can ta yanke, hukuma ta riƙa tura alkama da fulawa a rabon abinci. Bayan 'yancin kai kuma alkamar Amurka ta yi ta kwarara ƙarƙashin dokar nan ta PL-480 ta 1954, har Indiya ta shigo da hatsi kusan tan miliyan 10 a 1966 kaɗai. Masu bin tarihin abinci da wannan zamani suke danganta yaɗuwar parota a kudu. A Siri Lanka kuwa, kottu roti, gurasar maida da ake daddatsawa da ƙarafa a bakin titi ya zama abincin ƙasa, alhali tsibirin bai noma alkamar da aka yi shi da ita ba.

Maganar lafiya a taƙaice, tunda za ki ci karo da ita. Gaskiya ne da dusa da ido suka tafi, sun tafi da mafi yawan abin da ke taimaka wa hanji da sinadarin ƙarfe da bitamin B, kuma maida tana saurin ɗaga suga a jini. A ƙasar da binciken hukumar nazarin lafiya ta Indiya na 2023 ya ƙiyasta masu ciwon suga da mutum miliyan 101, ba abin wasa ba ne. Amma zancen da ke yawo cewa tana liƙewa a hanji ba shi da tushe, dafaffen sitaci narkewa yake. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne abin da ake ƙara mata. Indiya ta haramta sinadarin buromet a burodi a 2016, shekaru bayan NAFDAC ta haramta shi a nan. Ana kuma amfani da sinadarin ƙara fari a wasu injina, don haka farin da ya wuce kima ba shaidar kyau ba ne. Fulawa mai kyau da ɗan launin madara-madara take.

Yanzu ga ɓangaren ƙanenki.

Mai injin fulawa kamar mahauci yake: ba a tsoka kaɗai ribarsa take ba, sai ya sayar da fata da kai da ƙafa da kayan ciki kafin ya san ko ya fita. Daga kilo 100 na alkama, injin Indiya yakan fitar da wajen kilo 55 na maida, da suji ƙasa da 10, da wata atta ta inji da masu tanderu ke saye wajen 10 zuwa 15, sauran kusan kwata dusa ce. Yana iya matsa lissafin nan gaba ko baya gwargwadon abin da kasuwa ke nema a makon. Dusar tana tafiya wurin masu shanun madara, kuma Indiya ce ta fi kowace ƙasa samar da madara, saboda haka dusa ba shara ba ce. In ta yi tsada, mai inji zai iya sassauta farashin maida. In damina ta yi kyau ciyawa ta wadata, dusa ta faɗi, sai ki ga buhun maida ya tashi alhali alkama ba ta motsa ba. Akwai kuma ribar ruwa: alkamar Indiya a bushe ƙayau ake girbe ta a watan Maris da Afrilu, mai inji ya jiƙa ta kafin niƙa, ya sayar da gari mai laima kashi 13 zuwa 14. Wannan ɗan bambanci kilo ne a kan sikeli.

In ana son ganin darajar dusa, a dubi Siri Lanka. Kamfanin Prima na Singafo ya gina katafaren inji a tashar jirgin ruwa ta Trincomalee, ya fara aiki a 1980, bisa yarjejeniyar shekara 20 cewa gwamnati za ta kawo alkama, kamfanin ya niƙa ya ba ta fulawa, shi kuma ladansa dusar. A kan dusa aka gina ɗaya daga cikin manyan injinan fulawa na duniya.

Tunda kuɗin alkama shi ne kusan dukkan kuɗin buhu, wanda ke riƙe da alkama shi ke riƙe da maida, kuma a Indiya gwamnati ce. Ƙasar ita ce ta biyu a noman alkama bayan Sin, tana girbe sama da tan miliyan 100 a shekara. Kowace shekara kafin shuka gwamnati na sanar da farashin da za ta saya a kan kilo 100: rupi (kuɗin Indiya) 2,015 a kakar 2022, 2,125 a 2023, 2,275 a 2024, 2,425 a 2025. Hukumar abinci ta ƙasar, FCI, wadda aka kafa a 1965, da hukumomin jihohi su ke saye su tara, domin dokar 2013 ta wajabta ba wa mutum kusan miliyan 800 kilo 5 na hatsi kowane wata. Manomi yana kai kayansa kasuwar hatsi da suke kira mandi, irin ta Khanna a Punjab, inda dillalin da ake kira arhtiya ke karɓa ya tsabtace ya auna ya ci la'adarsa, sau da yawa kuma shi ne ya ba manomin bashi tun lokacin shuka. A Punjab da Haryana gwamnati ke kwashe mafi yawa, harajin kasuwar ma da nauyi, don haka masu inji sun fi zuwa Uttar Pradesh da Madhya Pradesh da Rajasthan. Injinan kudu kuwa a jirgin ƙasa ake kai musu alkamar daga arewa. Da sauƙi gare su su sayo daga Ostireliya ta ruwa, amma tun Afrilun 2019 harajin shigo da alkama kashi 40 cikin 100 ne.

Shekarar 2022 ita ce darasin da ya kamata ƙanenki ya karanta. Yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashi a duniya, 'yan kasuwar Indiya suka shiga fitarwa, bayan sun riga sun fitar da kusan tan miliyan 7 a shekarar da ta gabata, wajen rabi zuwa Bangladesh. Sai zafi mai tsanani ya sauka a watan Maris, daidai lokacin da ƙwaya ke cika, amfani ya ragu. Abin da gwamnati ta iya saye ya faɗo daga sama da tan miliyan 43 zuwa ƙasa da 19. Ranar 13 ga Mayu aka hana fitar da alkama, dare ɗaya, manyan motoci na jere a tashar jirgin ruwa ta Kandla da kaya. 'Yan kasuwa suka ce to a niƙa a fitar da gari. Kafin ƙarshen Agusta aka rufe wannan ƙofar ma, atta da maida da suji duka. Duk da haka a Janairun 2023 kilo 100 na alkama ya haura rupi 3,000 a Delhi, sai da gwamnati ta buɗe rumbu ta riƙa yi wa masu inji gwanjo ta intanet, tan miliyan 3 da farko, ta ƙara 2. A watan Yuni kuma ta ƙayyade yawan alkamar da ɗan sari da mai inji za su iya ajiyewa. Mutumin da ya karɓi kuɗin mutane a Afrilun 2022 da alkawarin kwantenar fulawa a Satumba, sai dai Allah Ya kyauta.

Daga inji, buhun kilo 50 yana bi ta hannun dillali zuwa manyan 'yan sari a wurare irin su Naya Bazar da Lawrence Road a Delhi, ko Jodia Bazar a Karachi, ko Khatunganj a Chattogram, ko Pettah a Kolombo. Farashin na yini ne, da safe ake aiko shi ta WhatsApp. Ribar buhu ƙarama ce ƙwarai, abin da ke riƙe ɗan sari shi ne yawan juyi da kuma bashi: ya karɓa daga inji da wa'adin mako ɗaya ko biyu, ya ba gidan burodi da mai kayan zaƙi da mai tanderu, ya bi su karɓa. Wanda ya fi sanin wa zai biya shi ke zama a kasuwar. Ciniki yana tashi gab da bikin Diwali da Holi, da watan azumi, da lokacin bukukuwan aure. Manyan masu saye kuwa ba sa bi ta kasuwa, kai tsaye suke ƙulla da inji, kowa da abin da yake so. Kamfanin biskit irin su Parle da Britannia na son mai raunin danƙo don biskit ya baje ya yi garas. Gidan burodi na son mai ƙarfi mai shan ruwa. Mai parota na son mai miƙewa ba mai janyewa ba. Duk sunanta maida, amma in aka musanya buhunan kowa zai dawo da ƙorafi. Wani abin dariya: tun 18 ga Yulin 2022 da aka sa harajin kashi 5 a kan garin da aka ƙulle aka yi wa tambari in bai wuce kilo 25 ba, sai ga buhun kilo 26 ya bayyana a kasuwannin hatsi.

Maƙwabta kowa da nasa ciwon kai. Bangladesh tana noma kusan tan miliyan 1, tana shigo da ninkin haka sau biyar ko shida, don haka farashin maida a Dhaka yana bin dala da jirgin ruwa ne. Pakistan tana noma da yawa, amma gari a can siyasa ne tsagwaronta: lardi ya hana fitar da alkama zuwa lardi, ana tsallakawa da fulawa Afganistan, masu tanderu su tafi yajin aiki a kan farashin naan. Suna da wani gari tsakanin atta da maida da suke kira fain, kuma tsohon ƙorafin jama'a shi ne injina na tsame maida da suji su sayar da tsada, su bar wa talaka ragowar da sunan atta. A azumin 2023 mutane sun mutu a turmutsutsun rabon gari kyauta.

Shawarata ga ƙanenki ita ce ya bar wannan. Ko an buɗe ƙofar fitarwa, sanarwa guda ke rufe ta. Alkamar Indiya, saboda farashin gwamnati da harajin nan, sau da yawa ta fi ta kasuwar duniya tsada. Fulawa kaya ce mai nauyi mai arha mai gajeren rai, za ta yi makonni a kwantena cikin laimar teku, ta jira a tasha, ta biya kwastan, sannan ta zo ta yi takara da injinan da ke bakin ruwa a Legas, waɗanda ke sauke alkama jirgi guda su kuma sayar da dusarsu a nan. Duniya alkama take fatauci, ba fulawa ba, sai ƙasashe 'yan kaɗan irin su Turkiyya da Kazakistan da suka gina sana'ar a kan maƙwabta. Ko Indiyawan da ke zaune a ƙasashen waje, attar cakki suke nema a kawo musu daga gida, domin ita ce ba su samu. Farar fulawa akwai ta a ko'ina.

Abin da zai amfane ku ku biyu daga 'yan sarin can shi ne yadda suke duba buhu, kuma yana aiki a kan fulawar Singa kamar yadda yake aiki a kan ta Delhi. A damƙi garin: in ya dunƙule ya ƙi wargajewa da ɗan taɓi, akwai laima. A shinshina, a ɗanɗana a harshe, a tauna don jin yashi. A danna kaɗan a kan katako ya yi sumul, a tsoma a ruwa a fitar, ɗigon dusa zai fito fili, kuma in an jera samfuri biyu gefe da gefe nan take za a ga wanda ya fi. A kwaɓa gwargwadon cokali uku, a jiƙa curin a ruwa na ɗan lokaci, a wanke shi a hankali har ruwan ya daina fari. Abin da ya rage a hannu shi ne danƙon. In kusan kwatan nauyin garin ne ko fiye, yana miƙewa bai tsinke ba, ta burodi da parota ce. In kaɗan ne yana gutsurewa, ta biskit da cincin ce. Ga mai sayen mota guda, sai ya nemi takardar gwajin inji. Ƙa'idar da Indiya ta daɗe tana aiki da ita ga maida ita ce laima kada ta wuce kashi 14, tokar da ke saura in an ƙona garin kada ta wuce kashi 1, busasshen danƙo kada ya gaza 7.5, amma maida mai kyau tokarta wajen rabin haka take. A duba ranar niƙa, ba ranar lalacewa kaɗai ba. A sito kuma a ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, nesa da sabulu da kananzir domin fulawa na ɗaukar wari, wanda ya fara shiga ya fara fita. Da damina kada a ajiye abin da ya wuce na wata ɗaya zuwa biyu.